Shawarwari 7 Kan Raba Intanet A Gida Ba Tare Da Rigima Ba

A gidan da MiFi ko rauta ɗaya ke ɗauke da wayoyi shida da kwamfuta, da zarar bidiyo ya fara tsinkewa sai a ɗora wa kamfani laifi. Sau da yawa kuwa wata manhaja ce a cikin gidan ta kwashe kaso mafi tsoka.

1. Ku san yadda rabon yake. Layin intanet bai san kan mutum ba. Idan ya cika, kusan gwargwadon yawan hanyoyin da kowace manhaja ta buɗe yake rabawa. Internet Download Manager kan yanka fayil gida 8, kowane yanki da hanyarsa, har 32 ana iya kaiwa. Kamar bakin famfo ne: wani ya jera jarka takwas a layi, wani ya zo da ɗaya. A layi mai gudun 9 Mbps, mai hanya 8 zai iya jan kusan 8, ya bar wa ɗan'uwansa 1.

2. A rage hanyoyin. Yawansu ba ya ƙara wa layin faɗi, rabon wasu kawai yake ci. A shiga saitin manhajar a mayar da su 2 zuwa 4, a kuma sa mata iyakar gudu muddin akwai masu amfani a gida.

3. A kula da abin da ke fita. Manhajojin torrent kan buɗe hanyoyi da dama lokaci guda, suna saukewa suna kuma tura wa wasu. Google Photos ma kan yi ta ɗora hotuna a ɓoye. Hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci, kuma idan ta toshe, kiran WhatsApp ne ke fara shan wahala, murya ta riƙa yankewa.

4. Kada a sa ran VPN ko furoksi su ƙara gudu. Ko goma aka haɗa, duk ta layin gidan nan za su bi. Zagayen da suke yi ta wata ƙasa jinkiri yake ƙarawa, na kyauta kuma jama'a sun yi musu yawa.

5. A bambance Mbps da MB. Mbps 8 ne ke ba da MB 1 a daƙiƙa. Wanda ke kan 10 Mbps ya ga fayil na sauka a kan 1.2 MB, ba a cuce shi ba.

6. A sauke ingancin bidiyo. YouTube na son kimanin 5 Mbps a 1080p, 2.5 a 720p, 1.1 a 480p. A fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba, amma rabon mutum ɗaya a 1080p ya ishi huɗu a 480p.

7. A ba manyan ayyuka dare. Sabunta Windows da sauke finafinai su jira a kwanta. Idan rautar na da saitin QoS, wato na fifita wata na'ura a kan sauran, a fifita wayar mai karatu ko mai taron aiki. Idan babu, maigida ya sa doka: lokacin darasin yara, kowa ya dakatar da saukewa.