Kumfar Madarar Waken Suya Ba Tafasa Ba Ce

Aikina shi ne koyar da ƙungiyoyin mata sarrafa abinci da tsaftarsa, kuma babu abin da nake daɗewa a kansa kamar waken suya. Ina ƙaunar waken nan. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, ga mai kusan kashi 20 cikin 100. Yanzu da nama da kifi da ƙwai suka fi ƙarfin mutane da yawa, awara da madarar waken suya sun rufa wa gidaje asiri, ta wajen ci da ta wajen sana'a. Don haka ba hana kowa zan yi ba. Amma farin ruwan nan da muke tacewa bayan an dawo daga markaɗe yana da sharuɗɗa, kuma na ga ana taka su kullum cikin rashin sani.

Ɗanyen waken suya na ɗauke da wasu sinadarai da ke hana hanji narkar da abinci yadda ya kamata, da wasu masu ƙwarzar bangon hanji. Jiƙo ba ya kashe su, markaɗe da tata ma ba sa kashe su. Wuta kaɗai ke yi, ita ma sai ta kai. Wanda ya sha madarar da ba ta dahu ba zai iya fara tashin zuciya da amai da murɗar ciki da gudawa cikin ɗan lokaci, kuma yara ne suka fi jigata.

Inda matsalar take shi ne, madarar tana yaudarar ido. Akwai wani sinadari a cikinta mai kawo kumfa, kuma yana taso da ita tun zafin yana wajen digiri 80, alhali tafasa sai digiri 100. Kumfar ta cika tukunya, ta fara zuba a kan murhu, mai dafawa ta yi sauri ta sauke. A wani horo da muka yi a tsakar gida, wata dattijuwa da ta fi ni sanin awara nesa ba kusa ba ta ce mini, "Malama, ai ta tafasa, ba ki ga har ta zuba ba?" Na ce, "Inna, bari mu gani." Na tsoma ma'aunin zafi, matan suka zagaye tukunyar, ga lamba ba ta kai ko kusa da 100 ba. Na sa ludayi na ture kumfar gefe. Ruwan da ke ƙasa a kwance yake, ko motsi ba ya yi, gafin wake na tashi daga cikinsa.

Mai awara tana da ɗan sauƙi, don bayan ta haɗa za ta soya, wutar ta ƙarasa aiki. Madarar sha ba ta da wannan damar. Yadda aka sauke ta haka za ta shiga cikin yaro. Kuma abin ba ƙarami ba ne: a watan Maris na 2003, a garin Haicheng na ƙasar Sin, fiye da mutum 2,500, akasarinsu 'yan firamare, sun kamu da rashin lafiya bayan sun sha madarar waken suya da aka raba a makarantu. Binciken hukuma ya ɗora laifin a kan waɗannan sinadarai na ɗanyen wake da zafi bai gama kashewa ba. Wannan a ƙasar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana shan madarar ke nan.

Gyaran ba ya buƙatar ma'auni. A yi amfani da tukunyar da madarar ba za ta wuce rabinta ba. Idan kumfa ta taso a rage wuta, a kwashe kumfar, a ci gaba da juyawa don kada ta kama ta yi ƙauri. Sai an ga ruwan kansa yana juyawa yana ɓulɓula sannan a fara ƙirga lokaci, a bar shi aƙalla minti 10. Na san itace da gawayi sun yi tsada, shi ya sa ake gaggawar saukewa. Kuɗin gawayin minti goma bai kai kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ba. Kuma a daina miƙa wa yara ludayi su ɗanɗana tun tana kan wuta.

Bayan ta dahu kuma sai babi na biyu, wanda a wurina ya fi yawan kwantar da mutane. Madarar waken suya abinci ce ga ƙwayoyin cuta kamar yadda take abinci gare mu. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. To ina ga bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40? Madarar da aka ɗura da hantsi, aka ɗora wa yarinya a ka ta yi ta yawo da ita har la'asar ba ƙanƙara, ba na ba ɗana ita. Wasu ƙwayoyin, musamman masu fitowa daga hannu da hanci da ƙurji, suna zuba guba a cikin abinci, kuma sake tafasawa ba ya kashe gubar. Wani lokaci ma ba za a ji tsami ko wari ba.

Saboda haka a yi daidai wadda za ta ƙare. A huce ta da wuri ta hanyar tsoma tukunyar a cikin baho mai ruwan sanyi, a rufe, a sa a firji ko kula mai ƙanƙara. Idan an ɗauke wuta dare guda firjin ya daina sanyi, a haƙura da ita. Wadda ta yi yauƙi, ko ta tsinke, ko gorarta ta kumbura, zubarwa ake yi, ba a ƙara mata sukari a sayar. Gorunan roba da ake tsintowa daga bola da tashar mota kuwa, ɗauraya ɗaya ba ta tsarkake su. Na sha kwance murfinsu in tarar da baƙin datti a maƙale a cikin zaren murfin, daidai inda bakin yaro zai taɓa.

Tun daga buhu ma ake fara kula. Waken da ya sha ɗanshi ya yi fumfuna ba a gyara shi da wanki, don gubar fumfuna na illata hanta kuma dahuwa ba ta kawar da ita. A busar da shi sosai, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da maganin ƙwari ko fetur. A zubar da ruwan jiƙo, a sa mai inji ya wanke injinsa kafin ya zuba. Wajen haɗa awara na fi son ruwan tsami ko tsamiya ko lemon tsami a kan alif, don alif na ɗauke da sinadarin alminiyam, wanda mai ciwon ƙoda ba ya iya fitarwa da kyau.

Ƙurar waken ita ma abin kula ce ga 'yan dako da masu sheƙa da masu inji, irin waɗanda ke wuni cikin buhuna a kasuwar Dawanau. A birnin Barselona na Sifaniya, tsakanin 1981 da 1987, an yi ta samun ɓarkewar asma, aka gano ƙurar waken suya ce da ke tashi idan ana sauke shi a tashar jiragen ruwa. Da aka sa matatar ƙura a rumbunan, abin ya tsaya. Mai wannan aiki ya sa takunkumi, idan kuma ƙirjinsa na toshewa duk ranar da aka sauke wake, ya ga likita.

Akwai waɗanda jininsu bai haɗu da waken ba sam. Alamun su ne borin jini, kumburin leɓe ko fuska, da sarƙewar numfashi bayan an ci awara; wannan na ƙarshen ba a jira da shi, asibiti ake nufa nan take. Mai shan ƙwayar maganin maƙoƙo ta safe ya bar tazarar awa 4 kafin ya sha madarar, don tana rage shigar maganin jiki. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne jarirai. Madarar da aka dafa a gida ba ta maye gurbin nonon uwa, ba ta da abin da jariri ke buƙata. Wata shida na farko nono ne zalla, idan kuma uwa ba ta da hali, ma'aikatan lafiya za su nuna abin da ya dace.

'Yan uwana masu sana'a, don Allah ku ƙara wa tukunyarku minti goman nan. Ku kuma iyaye, idan yaro ya sha madara ya fara amai da gudawa, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ku kai shi asibiti idan ya galabaita ko ya ƙi shan ruwa, sannan ku sanar da mai sayarwa kafin ta sayar wa wasu yaran.