Darasi Na 12: Doki Mai Gudun Ragama

Mu mutanen Damaga mun san darajar doki. Ran salla, in sarakunan Maradun da Mafara da Bakura suka hau, doki shi ne adon gari. Amma doki ba ya amfanuwa sai ya yarda da ragama. Wanda bai karɓi ragama ba, ba zai karɓi linzami ba, balle sirdi.

Sau da yawa mukan ga mutum ya tara kuɗinsa ya sayi duƙushi. Ya nufo shi da ragama, sai ya zabura, ya ɗaga kai, ya yi tabarya. Sai a kira samari su danne shi, wani ya murɗe masa kunne, a cusa masa ragama da ƙarfi. Ran nan an ci nasara, amma gobe abin ya fi na jiya muni. Wani dokin yakan fizge a turke har ya ji ciwo a wuya. Wani ya harbi yaron da ke ba shi ciyawa. Ga hasarar dukiya, ga jinya.

Me ya sa doki ke gudun ragama?

Doki dabba ce da ke tsira da gudu. In an riƙe kansa, gani yake an hana shi tsira. Idanunsa kuma a gefen kai suke. Yana ganin dama da hagu sarai, amma ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa, ko wanda ke bayan wutsiyarsa. Saboda haka hannun da ya faɗo masa a goshi yakan firgita shi. Ban da wannan, doki ba ya manta wuya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Kafin mu fara, mu duba kunnuwansa da ƙeyarsa. Muna kusa da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, wurin ruwa da ciyawa kuwa ba ya rabuwa da ƙudaje masu cizo da kaska. In akwai kaska ko gyambo a kunne, mu kira malamin dabbobi ya yi magani tukuna. Mai ciwo ba ya horuwa.

Sa'an nan mu nemi ragama mai laushi. Ran Talata mu duba a kasuwar Talata Mafara. Kada mu sayi igiya mai kaushi wadda za ta goge masa fata.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu sa shi cikin ɗan shinge, inda babu hayaniyar yara. Mutum ɗaya zai yi aikin, wanda ya saba ba shi abinci.

2. Mu zo masa ta kafaɗar hagu, muna magana a hankali. Mu shafa kafaɗa, mu shafa wuya da geza, mu matsa wajen kunne kaɗan kaɗan.

3. Mu rataya ragamar kusa da inda yake cin dusa, ya riƙa ganinta yana sunsuna.

4. Bayan kwana biyu ko uku, mu shafa masa ita a kafaɗa da wuya. In ya tsaya cik, mu janye ta nan da nan. Janyewar nan ita ce ladansa. Da ita yake gane cewa tsayawa ita ke kawo sauƙi.

5. Mu ɗora igiya a wuyansa. Mu riƙe ragama a buɗe, da ɗan dusa a tafin hannu, ya sa hancinsa da kansa. Mu cire, mu sake, har ya daina damuwa.

6. Sa'an nan mu zagaya da igiyar ta bayan kunnuwa, mu ɗaure. Kada ta matse, yatsu biyu su iya shiga. Kada kuma ta sauko kan taushin hanci, gama doki ta hanci kaɗai yake numfashi.

Minti 10 ko 15 sun isa, safe da yamma. In ya sunkuyar da kai, yana lasar leɓe, hankalinsa ya kwanta. Nan za mu tsaya. In ya firgita, kada mu buge shi. Mu koma matakin baya. Kada mu naɗe igiya a hannunmu, don in ya fizga zai ja mu ƙasa. Kada kuma mu ɗaure shi a turke da ragama sai ya iya bin mai jansa.

Wani doki mako guda ya ishe shi, wani sai wata. Sannu ba ta hana zuwa. In muna da goɗiya ta haihu, mu fara shafa kan ɗan tun yana bin uwarsa, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Ina ne doki ba ya gani?
2. Me za mu duba kafin mu fara horo?
3. In doki ya tsaya cik, me za mu yi?
4. Rubuta waɗannan kalmomi: ragama, linzami, turke, duƙushi.