Kafin Ka Sabunta Manhajar Sabar, Duba Furosesarta Tukuna

Duk wanda ya saba sauke APK daga wajen Play Store ya taɓa ganin wayarsa ta ƙi girka manhaja. Sau da yawa fayil ɗin arm64-v8a ka ɗauko, alhali wayarka armeabi-v7a take ganewa. Irin wannan matsalar tana faruwa a sabar, wato manyan kwamfutocin da bankuna da kamfanoni ke ɗora ayyukansu. Sai dai a can aikin kamfani gaba ɗaya ne zai tsaya.

Matakin farko ba wuya. A sabar mai Linux, rubuta uname -m. Idan ka ga x86_64, Intel ce ko AMD. Idan aarch64 ta fito, ARM ce, irin Graviton na Amazon. Manhajar da aka haɗa don ɗaya ba za ta tashi a ɗayar ba.

Inda mutane suke faɗawa shi ne ɗaukar cewa duk x86_64 ɗaya ce. Tana da matakai huɗu. Red Hat Enterprise Linux 9, da ya fito a 2022, yana buƙatar x86-64-v2. Na 10 kuwa, na 2025, sai v3, wadda ke neman AVX2, kuma Intel ba ta fara sa AVX2 ba sai a zuriyar Haswell ta 2013. Ka ga tsohuwar sabar da ke tafiya lafiya da na 9 tana iya ƙin na 10 ƙememe. MongoDB ma tun daga 5.0 sai da AVX. Rubuta lscpu, ka nemi sse4_2 da avx da avx2 a layin Flags.

Ni kaina na taɓa shan wahalar wannan. Na kwana ina fama da saƙon "CPU does not support x86-64-v2" a kan na'ura sabuwa fil. Ashe a cikin Proxmox nake, an bar nau'in furosesa a kvm64, wanda ke ɓoye ainihin ƙarfinta. Ina mayar da shi host, sai komai ya tashi.

Idan furosesar da gaske ta gaza kai v3, AlmaLinux 10 yana da bugu na musamman don v2. Amma a shawarce, ka gwada a wata na'urar gwaji mai irin furosesar, ka kuma kwafe bayananka, kafin ka taɓa wadda jama'a ke aiki da ita.