Ɗaurin Notocin Kan Inji: Ƙaramin Aiki Mai Kare Babban Jari

ABUJA – Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar Naira a shekarar 2023, farashin kayan gyaran mota da ake shigowa da su daga ƙasashen waje ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka direban tasi ko mai motar haya da ya kai motarsa garejojin Apo, a Babban Birnin Tarayya, ba ya da halin biyan kuɗin aiki ɗaya sau biyu. Ɗaya daga cikin ayyukan da ake yawan maimaitawa kuwa shi ne sauya gasket na kan inji, kuma sau da yawa asalin matsalar yana wurin ɗaurin notoci.

Shi kan inji murfi ne da ke rufe silindoji, gasket ɗin da ke ƙarƙashinsa kuma shi ke raba ruwa da baƙin mai da wutar ƙonewa. Idan ɗaurin bai daidaita ba, ruwa ya shiga mai, inji ya ɗau zafi, kan ya lanƙwashe. Kan yawancin injinan zamani na alminiyon ne, wanda zafi ke buɗa shi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, don haka ba ya jure kuskure.

Ƙa'idojin aikin huɗu ne. Na farko, a tsabtace ramukan notoci, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana ɓata awon ɗauri, har yakan tsaga gangar injin. Na biyu, a auna fuskar kan a tabbatar ba ta lanƙwashe ba. Na uku, a fara ɗauri daga notocin tsakiya a fita zuwa gefe, mataki-mataki. Wajen kwancewa kuma daga gefe zuwa tsakiya, bayan inji ya huce. Na huɗu, a yi amfani da sufana mai ma'auni, a bi adadin da kamfani ya ƙayyade.

Misali, injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla, motar da ta cika titunan Abuja, yana da notoci 10. Ana ɗaure kowanne zuwa ma'aunin Nm 49, sannan a ƙara murɗa shi digiri 90. Irin waɗannan notoci suna ɗan miƙewa idan an ɗaure su, shi ya sa ake auna kaurin tsoho kafin a mayar da shi, idan ya sirance a sauya.

Ta fuskar tattalin arziki, sufana mai ma'auni jari ne da bakanike zai saya sau ɗaya ya yi shekaru yana mora. Mai mota kuwa, kuɗin sababbin notoci da gasket mai inganci bai kai kusa da kuɗin injin tokumbo ba, balle a haɗa da kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo. Ya dace ya nemi ganin sufanar kafin a soma aiki.