Kafin Ka Sayi Tsohuwar Amalanke

A ƙasar Tasawa da Mayahi, amalanke ce motar manomi. Ita ke kai taki gona da rani, ta ɗebo damman gero da kaka, ta ɗauko ruwa da kara. Daga ƙauyukan Urafan, Korgom ko Kanambakashe, sau da yawa ita ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Sabuwa tana da tsada, shi ya sa mutane da yawa ke neman ta hannu. Babu laifi a cikin haka. Amma tsohuwar amalanke tana da ciwon da ba a gani daga tsaye.

Kada sabon fenti ya ruɗe ka. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, domin can kuɗinka suke. Dubi sandar ƙarfen nan da ta haɗa tayoyin biyu. Ita ke ɗauke da nauyin kaya duka. In ta lanƙwashe, tayoyin ba za su tsaya daidai ba. Koma baya ka hange su: in ɗaya ta karkata ciki ko waje, ko gefe guda na tayar ya cinye fiye da ɗayan, sandar ta taɓu. In kuma ka ga alamar walda a tsakiyarta, ta taɓa karyewa ke nan. Irin wannan ni dai ba na ba ka shawarar saye, ko da araha, domin inda ta karye jiya nan za ta sake karyewa, kuma ba ta yin haka sai da kaya a kanta, nesa da gari.

Sai ka sa a ɗaga gefe guda, ka juya tayar da hannu. Lafiyayya tana juyawa shiru, ta daɗe ba ta tsaya ba. In ka ji gurnani ko ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga ya cinye ƙwayoyin ƙarfen da ke cikin cibiyar. Wannan ciwo ne na ƙasarmu, saboda hanyoyin jigawa da na cikin Gulbin Kaba rairayi ne zalla, kuma yashi in ya haɗu da giris, ƙarfe yake ci. Kama tayar da hannu biyu ka girgiza ta. Bai kamata ta yi lilo ba. Ana canja waɗannan ƙwayoyi, amma ka fara tambayar kuɗinsu wurin mai gyara.

Tayoyin yawanci tsofaffin na mota ne. Duba gefensu ko rana ta tsattsaga su, ka tambayi faci nawa ke ciki. Katako kuwa, ƙwanƙwasa shi, ka soka tsinin wuƙa a inda kusoshi suka shiga. In wuƙa ta nutse, gara ta riga ka. Sandunan da ake ɗaura wa jaki ko bijimi su zama miƙaƙƙu, ba tsaga, musamman a gindinsu inda suka haɗu da jikin amalanke.

Kada ka biya sai ka gwada ta da kaya. A ɗora buhuna ko mutane, a ɗaura dabba, a shiga yashi. Lura da yadda nauyi ke zama. In ya rinjaya gaba, zai danne dabbar ya yi mata miki a baya. In ya rinjaya baya, sandunan za su riƙa ɗagawa sama. Mai amalanken da ya hana ka gwaji, bar masa abinsa.

Yanzu ga amfanin lissafi. A misali, an ce maka kuɗin amalanke jika 90 ne. Mai walda ya ce gyara zai ci jika 20, taya ɗaya kuma jika 10. Kuɗinta na gaskiya jika 120 ke nan, kuma da wannan za ka yi ciniki.

Ka tafi da mai walda ko wanda ya daɗe yana aiki da amalanke, kada ka dogara da bakin dillali kaɗai, don shi la'adarsa yake nema. In ciniki ya faɗa, a biya gaban shaidu biyu. Ka rubuta sunan mai sayarwa, da garinsa, da kuɗin, da ranar, kowa ya sa hannu, ka adana takardar a gida.