Kilisar doki: gudu kaɗan, hutu kaɗan

Ƴan uwa masu dawaki, karatunmu na yau a kan kilisa ne.

Mun san yadda ake yi. Doki shina turke wata da watanni, shina cin gero da harawa. Salla ta gabato, sai a ɗaura mishi sirdi, a yi ta sukuwa har shi yi kumfa. Wai ana shirya shi. A ƙauyenmu na ga wani ingarma da anka yi ma haka. Ran salla bai hita ba, yana turke da ƙafa kumbure, mai shi ya tahi idi a ƙasa. Ƙiba daban, ƙarhi daban.

A ƙasashen Turawa akwai tseren dawaki na dogon zango. Ana yin wani a Kalifoniya ta Amurka tun 1955, wani kuma a Florak ta Faransa tun 1975. Kowane kilomita 160 ne cikin yini guda, bisa duwatsu. Wannan ya wuce nisan Maraɗi da Tasawa. A hanya akwai wuraren tsayawa. Likitan dabbobi shina duba kowane doki, shi ƙidaya bugun zuciyarshi. A ƙa'idar manyan tsere na duniya, in bugun bai sauka zuwa 64 a minti guda ba cikin lokacin da anka tsaida, an hidda dokin. In shina ɗingishi ma an hidda shi, ko da shi ya riga kowa isowa. Kuma dokin da bai kai shekara 8 ba, ba a sa shi tseren kilomita 160.

To, ta yaya suke shirya dawakinsu?

Dabarar ga mutane ta faro. Wajen 1935 zuwa 1940, a Jamus, wani malamin gudu mai suna Gerschler da wani likitan zuciya mai suna Reindell sunka gwada ta. Mutum shi yi gudu kaɗan, shi huta kaɗan, kahin gajiya ta sake shi duka shi koma gudu. Daga baya masu dawaki sunka ɗauka. Wani Bafaranshe, Jack Le Goff, wanda ya horar da mahayan Amurka daga 1970 zuwa 1984, da ita ya yi aiki. Mahayanshi sun ci zinariya a wasannin Olimpik na 1976 da na 1984, a gasar da ta haɗa biyayyar doki, da gudun daji, da tsallake shinge.

Dalilinta shi ne: sukuwa ɗaya mai tsawo tana gajiyar da doki ƙwarai, kuma gajiyayyen doki shi ke taka ƙasa a karkace shi ji ciwo. In anka raba sukuwar kashi uku da ɗan hutu a tsakani, zuciya da huhu suna samun aiki mai yawa, ƙafa kuwa ba ta wahala sosai.

Amma ba da sukuwa ake farawa ba. A nan mutane ke kuskure. Zuciya da huhu suna ƙarhi cikin ƴan makonni. Jijiya da ƙashi sai sun yi watanni da yawa, har shekara. Sai ka ga doki shina cika, shina jan linzami, ka ce ya shirya, alhali ƙafarshi ba ta shirya ba. Don haka wata biyu na farko, tahiya da sassarfa kaɗai. A fara da rabin awa, a ƙara kaɗan kaɗan har awa guda ko hiye. Zuwa kasuwa ko zuwa gona duka cikin kilisa ne.

Bayan haka sai a shiga aikin gudu da hutu:

Tahiya da sassarfa minti 15, jiki shi yi ɗumi.
Sukuwa marar tsanani minti 3. Tahiya minti 3.
Sukuwa minti 3. Tahiya minti 3.
Sukuwa minti 3. Tahiya har numfashi shi kwanta.

Ba kullum ba. Sau ɗaya cikin kwana huɗu ya isa, don a ranakun hutu ne jiki ke gyara kanshi. Sauran kwanaki a yi tahiya sannu. In doki ya saba, a mai da minti 3 su zama 4, daga baya 5. Kada a ƙara tsawo da sauri rana ɗaya. A zaɓi hili mai ƙasa daidai. Rairayi mai zurhi shina jan jijiya, fako mai tauri shina bugun ƙashi.

Yanzu ga abin da ya hi komi amfani: ƙidayar bugun zuciya. Ka sa yatsu biyu ƙarƙashin muƙamuƙin doki, ta ciki. Za ka ji wata jijiya kamar igiya tana harbawa. Duba agogo ko salula. Ƙidaya bugun cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Lahiyayyen doki a turke shina bugu 30 zuwa 40 a minti. Bayan kilisa, jira minti 10, ka sake ƙidaya. In ka samu 60 ko ƙasa da haka, aikin ya yi daidai. In har yanzu ya hi 64, aikin ya yi mishi yawa, gaba a rage. Wanda ya iya rubutu shi samu ɗan littahi shi riƙa rubuta rana da lamba. Bayan wata guda zai ga da idonshi ko doki na ci gaba.

Zahin ƙasarmu ya hi na Turai nesa. A yi kilisa da asuba, musamman da bazara. Doki mai aiki cikin zahi shina iya zubda zufa lita 10 zuwa 15 cikin awa guda, kuma gishirin jikinshi na hita tare da ita. A ba shi ruwa shi sha, a sa mishi gishiri. Wasu na cewa kada a zuba ma doki ruwan sanyi shina zufa. An bincika wannan magana kahin wasannin Atalanta na 1996, anka tarar ruwan sanyi ba ya cuta mishi, sanyaya shi yake. A kai shi inuwa, a yi ta zuba mishi a wuya da jiki da ƙafahu.

Kowace sahiya shafa ƙafahunshi huɗu daga gwiwa zuwa kofato. In ka ji zahi ko kumburi a ɗaya, a aje sirdi, a nemi ma'aikacin kiyon dabbobi.

Lissahi don ɗaliban yaƙi da jahilci:
Ka ƙidaya bugu 9 cikin daƙiƙa 15. Nawa ke nan a minti guda?
Minti 10 bayan kilisa ka ƙidaya 18 cikin daƙiƙa 15. A ƙara ma dokin aiki, ko a rage?