Mota Mai Inji Biyu a Kan Tudu Mai Ƙanƙara

A tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan akwai wani gari mai suna Otaru, wanda aka gina a gefen duwatsu, har ana yi masa laƙabi da garin tuddai. A lokacin hunturu dusar ƙanƙara kan rufe titunansa, motoci su tattake ta, da rana ta ɗan narke, da dare ta daskare ta koma kamar madubi. Ko yaya motar nan mai inji biyu, wato wadda ke haɗa injin fetur da injin lantarki, take yi da irin wannan hanya?

Tun da kamfanin Toyota ya fito da Prius a ƙarshen 1997 ake yabon irin waɗannan motoci saboda rashin shan mai. Injin lantarkinsu yana da wata baiwa: yana ba da cikakken ƙarfin murɗa taya tun daga tsaye, ba sai ya jira ya yi gudu ba. A busasshiyar kwalta wannan abin so ne. A kan ƙanƙara kuwa baiwar ba ta da wani amfani, domin abin da ke hawar da mota tudu shi ne riƙon da taya ke yi wa ƙasa. Duk ƙarfin da ya wuce wannan riƙo, asara ce kawai. Wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a laka da damina, taya na juyawa tana fesa taɓo amma ba ta gusa ba, ya riga ya ga rabin darasin.

Bari mu yi lissafi. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,400 tana hawan tudun da ke tashi mita 10 a kowace mita 100. Ƙarfin da ke janyo ta baya ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, wato daidai da kilo 140. Idan tayoyin gaba ne kaɗai ke ja, kuma suna ɗauke da wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin, to kilo 840 ke danne su. Busasshiyar kwalta tana ba da riƙo na kimanin kashi 7 cikin goma na abin da aka danna mata, wato kilo 588, wanda ya isa har da rara. Dusar da aka tattake tana ba da kashi 2 zuwa 3 cikin goma, wato daga kilo 168 zuwa 252. Motar za ta hau, amma da lallami. Zallar ƙanƙara kuwa kashi ɗaya tak take bayarwa, kilo 84 ke nan a gaban 140. Ko da an ninka ƙarfin injin sau goma, motar ba za ta hau ba. Kuma a kan tudu nauyi yakan koma baya, ya ƙara rage wa tayoyin gaba abin da suke da shi.

Saboda haka aka sa wa motocin na'urar da ke lura da gudun kowace taya, ta rage ƙarfi da zarar ɗaya ta fara zamewa. A Prius ta shekarun 2004 zuwa 2009 wannan na'ura ta cika tsauri, domin maƙera sun ji tsoron kada juyin banza ya illata kayan lantarkin. Direbobi a ƙasashen sanyi sun yi ta kukan cewa suna taka totur amma motar ta ƙi motsi a tsakiyar hawa. Suna da gaskiya, domin a cikin dusa mai laushi ɗan juyin taya yana taimaka mata ta tona ta sami ƙasa mai ƙarfi.

Dabarar da ta fi kyau ita ce a sa ƙaramin injin lantarki na daban a tayoyin baya, ba tare da doguwar sandar da ke haɗa gaba da baya ba. Toyota ta yi haka a motar Estima a 2001, sannan a wani samfurin Prius na 2019. Idan muka koma ga lissafinmu, yanzu duk kilo 1,400 ne ke aiki, riƙon ƙanƙara ya zama kilo 140, kankankan da abin da ake bukata. An sami ci gaba, amma da kyar.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma a nan ne wannan mota ta bambanta da sauran. Idan direba ya taka birki a hankali, injin lantarkin ne ke juyewa ya zama janareta, ya rage gudu yana cika batir. Sai dai wannan birki yana aiki ne a tayoyin da injin ke juyawa kaɗai. Da zarar taya ta zame, kwamfuta takan janye shi ta miƙa aikin ga birki na ainihi, wanda ke kamawa yana saki don kada taya ta ƙage. A wannan ɗan taƙi direba kan ji kamar birkin ya kuɓuce. A watan Fabrairun 2010 Toyota ta janye motoci sama da 400,000, akasarinsu Prius, don gyara tsarin kwamfutar da ke wannan musanye. Bugu da ƙari, batir mai sanyi ba ya karɓar wuta da yawa, wanda ya cika kuwa ba ya karɓa sam. Shi ya sa aka tanadi harafin B a jikin giya, wanda ke sa injin fetur ya riƙe motar a doguwar gangara, kamar yadda direban babbar mota ke rage giya a Hawan Kibo. Amma shi ma a kan ƙanƙara sai da hattara, tun da tayoyi biyu kaɗai yake riƙewa. A lura kuma, jan tayoyi huɗu ba ya rage nisan tsayawa ko da taƙi ɗaya.

Abin da ke canza lissafin da gaske shi ne tayar hunturu. Robarta ba ta ƙanƙarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, kuma tana da ƙananan tsagogi masu cizon dusa. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta ta tun 2008.

Malami na iya nuna wannan a aji. A samo allo mai santsi da guntuwar robar taya. A ɗora robar, a riƙa ɗaga gefe ɗaya har ta fara zamewa. A auna tsayin gefen da aka ɗaga, a raba shi da nisan da allon ya ci a kan tebur. Amsar ita ce gwargwadon riƙon. Sai a shafa wa allon ruwan sabulu a maimaita, sannan ɗalibai su ninka sabuwar amsar da kilo 840, su ga ko motarmu za ta hau tudun.